Kunnen Aro

Fentin bangon falo ya kumbura kamar bororon ƙuna, daidai bayan kujerar da tsohon ya saba zama. Matarsa ce ta gani da ta janye kujerar za ta yi shara. Ba ta ɓata bakinta ba. Ta je ta kamo hannun rigarsa ta kawo shi gaban bangon, domin ta daɗe da gane cewa nuna masa abu ya fi faɗa masa sauƙi. Ya duƙa ya danna wurin da babban yatsa. Fatar fentin ta fashe, wani ruwa mai launin shayi ya gangaro a hankali har ya taɓa daɓe.

Ya shinshina yatsan, ya goge a wando, ya miƙe ya ce ruwan sama ne. Ta tuna masa cewa rabonsu da ganin hadari har an manta. Ya ce to danshin ƙasa ne ya hau bango. Ta ce ƙasar tana nan tun ranar da suka tare a gidan, me ya sa sai bana ta tuna da hawa. Wannan bai ji ba, ko kuwa ya ji ya yi kunnen uwar shegu. A 'yan shekarun nan shi kansa yakan kasa bambance biyun.

Amma ya sani. Hancinsa dai bai tsufa ba. Ruwan ƙasa warin ƙasa yake yi, wannan kuwa warin ƙarfe ne, warin ruwan da ya daɗe yana lasar tsatsa. Bututu ne ke yoyo a cikin bangonsa, kuma duk wani bututu da ke gidan nan shi ya shimfiɗa shi da hannunsa, tun kafin a haifi Auta, 'yarsu ta ƙarshe.

A zamaninsa ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Kunne ake ce masa, tun daga masu sayar da kayan famfo har matan da ke aikowa a kira shi. Masu gyaran famfo suna da yawa a garin, amma idan ruwa ya ɓuya a cikin gini, ana ganin ɓarnarsa ba a ganin mafitarsa, shi ake nema. Zai shigo ya ce a kashe rediyo, a fitar da yara. Sai ya zaro wata doguwar sukudireba mai ƙotar katako, ya ɗora bakinta a jikin bango, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Haka zai bi bangon sannu-sannu kamar likita a ƙirjin majiyyaci, har ya tsaya, ya zana da'ira da gawayi wadda ba ta wuce faɗin faranti ba, ya ce a fasa nan. Wasu sai sun rushe rabin banɗaki kafin su ga ɗigo. Shi rami ɗaya yake yi.

Sai kunnen ya kama hanya, ba ko sallama. Guduma da kurfi da injin yankan ƙarfe duk sun ci rabonsu. Kukan tsuntsaye ne ya fara ɓacewa, sai ƙarar butar shayi a kan wuta, sai muryoyin jikoki, waɗanda suka koma bakuna masu motsi kawai. A madadinsu wani ƙugi ya tare a cikin kansa ya ƙi tashi. Ya daina karɓar aikin neman yoyo, ya ce gwiwa ce ta matsa masa. Kowa ya yarda gwiwa ce. Har maganin shafawa ake aiko masa.

Kafin ya gama shawara da zuciyarsa a kan bangon sai ga maƙwabcinsa tela, wanda shagonsa ke jingine da bayan wannan bangon. Tare suka tsufa a layin, kowa ya san tarin kowa. Tela ya shigo da wani farin yadi a kafaɗa, ya warware shi a tsakar falo. Fumfuna ta yi masa baƙaƙen ɗige-ɗige tun daga baki har tsakiya. Ya ce ba faɗa ne ya kawo shi ba. Yadin mutane ne, amma zai san yadda zai yi da mai shi, kuma ya riga ya kwashe sauran kayan daga kanta. Abin da ya hana shi sukuni shi ne danshin ya kusa kai wa soket ɗin da yake jona keken ɗinki. Jiya ma da ya dafa bangon sai da wuta ta ɗan ja shi.

Duk wannan da ƙarfi ya faɗe shi, yana wage baki yana rarraba kalmomi kamar mai biya wa yaro karatu. Ba maganar ce ta ƙona wa tsohon rai ba, ƙarfin muryar ne. Ya ce ya ji, shi ba kurma ba ne, a ba shi kwana biyu. Tela ya naɗe yadinsa ya fita yana cewa Allah ya ba da sa'a, a hankali wannan karon, yadda sai a leɓɓansa tsohon ya tsinci maganar.

Da yamma Auta ta biyo daga asibitin da take aikin jinya, ko fararen kayanta ba ta canja ba. Uwar ce ta kira ta a waya. Ya gane haka tun daga yadda ta zarce bayan kujera kafin ta gama gaisuwa. Ta duba bangon, ta zagaya shagon tela ta dawo, sannan ta durƙusa kusa da kunnensa na dama, wanda ya fi dama-dama. Ta ce akwai wani mutum da mijinta ya sani, yana da na'urar da ke jin ruwa ta cikin siminti, ba ya fasa ko'ina sai ya tabbatar. Za ta zo da shi ƙarshen mako.

"A gidan nan?" ya ce. "Ina raye?"

"Baba, ruwa ne da wutar lantarki a bango ɗaya. Ba maganar raini ba ce."

"Ki ce wa mijin naki na gode. Ranar da na mutu ya kawo na'urar a kara mini a ƙirji, a tabbatar."

Auta ta juya wajen uwarta suka yi magana ƙasa-ƙasa, a gabansa, ba tare da ko juya masa baya ba. Ya ga leɓɓansu na motsi, ya ga uwar ta girgiza kai, ya ga 'yar ta nuna kunnenta da yatsa. A da sai sun shiga ɗaki sun tura ƙofa kafin su yi maganarsa. Yanzu rage murya kaɗai ya ishe su. Da za ta tafi ta maimaita cewa ƙarshen mako ne, ko ya so ko ya ƙi, ta kuma haɗa shi da Allah kada ya hau tsani.

Da gari ya waye ya hau tsani.

Matarsa ta riƙe masa ƙafar tsanin tana mita, shi kuma yana can sama bai ma san tana yi ba. Ya jira tanki ya cika, ya sa ta kashe injin jan ruwa, ya ja layi da gawayi ta ciki daidai bakin ruwan. Ya sauko ya bi famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya ya matse, ya ba da doka cewa kowa ya yi harkarsa da ruwan bokiti. Kowa ɗin ita ce. Da rana ta take ya sake hawa. Ruwan ya sauka ƙasa da layin da kusan faɗin tafin hannu, alhali ba wanda ya buɗe komai. Ya rufe bawul ɗin da ke kai ruwa banɗaki, ya yi sabuwar alama, ya jira. Ruwan ya ci gaba da sauka. Ya buɗe wannan ya rufe na kicin. Ruwan ya tsaya cak.

Ya sauko yana jin wani ƙarfi da ya kwana biyu bai ji irinsa ba, har ya ci abincin rana ya nemi ƙari. Ya ritsa ɓarawon a layi guda. Sai dai layin kicin shi ne mafi tsawo a gidan: yana saukowa daga tanki ta kusurwar baranda, ya shige bango, ya bi bayan falo tun daga wannan ƙarshe har wancan, sannan ya shiga kicin ta ƙasan kabad. Ya san hanyarsa kamar jijiyoyin bayan hannunsa. Abin da bai sani ba shi ne inda ya huje.

Ya bari sai washegari da matarsa ta tafi cefane. Ya sakar wa layin ruwa, ya jawo akwatin kayan aiki daga ƙarƙashin gado. Sukudirebar tana can ƙasa naɗe da tsumma, ƙotarta ta yi baƙi tana sheƙi saboda maiƙon hannu. Ya ɗora a bango, ya manna, ya rufe ido. Ƙugin kansa ne ya amsa masa. Ya sauya kunne. Ya danna har ƙashin ya yi zafi. Ya tuna ya taɓa jin cewa ƙashin baki ma yana kai sauti, sai ya waiwaya ya tabbatar ba kowa, ya ciji ƙotar da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ya ji wata 'yar rawa-rawa, ya ɗauka ruwan ne. Amma da ya ɗaga bakin ƙarfen daga bango rawar ba ta tsaya ba. Hannunsa ne.

Sannan ya ɗauki guduma da kurfi ya aikata abin da ya yi shekara da shekaru yana yi wa wasu dariya a kansa: ya fasa inda danshin ya bayyana. Shi ne fa mai gaya wa masu gida cewa ba lallai a inda ruwa ya nuna fuska yake fita ba, yana iya bin jikin bututu ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami wuri mai taushi. Bututun da ya tarar a jiƙe yake, amma lafiyarsa ƙalau. Ya goge shi da tsumma ya zuba ido ya ga ta wane ɓangare zai sake jiƙewa, idon ma ya ƙi gaya masa gaskiya a cikin duhun ramin. Ya matsa wajen baranda ya sake fasawa. Nan kuwa a bushe ƙamas, har ƙura ke tashi.

Matarsa ta dawo ta tarar falonta ya yi fari fat, ƙura a kan labule, ƙura a kan hotunan jikoki, ramuka biyu a bango kamar idanun mujiya, shi kuma yana zaune a kan kifaffen bokiti yana tsotsar gaɓar yatsan da guduma ta samu. Ta ajiye ledar cefane. Ya jira faɗa, har ya tanadi amsa. Sai kawai ta ce da ta san tagogi zai ƙara wa falon da ta sayo musu labule. Ta ɗauko tsintsiya.

Tana cikin shara ta tsinci sukudirebar a ƙasa. Ta jujjuya ta, ta dube shi ta gefen ido, sannan ta dangwala bakinta a bango ta kara ƙotar a ramin kunnenta kamar mai amsa waya.

"Ba haka ake yi ba," ya ce, kafin ya san ya faɗa.

"To yaya ake yi, Malam?"

Ya tashi da niyyar ƙwace kayansa. Da ya isa sai ya ga hannunsa ya kama nata yana gyarawa. Ya ture ɗankwalinta kaɗan, ya laluba ƙashin bayan kunne da yatsa, ya ɗora ƙotar a nan. Ya kai bakin ƙarfen cikin ramin farko, a kan bututun kansa. Ya ce ta toshe ɗaya kunnen, ta rufe ido, ta daina haki kamar mai hawan tudu. Tsawon zamansu ita ke wanke masa kayan aiki, ta ji labarin gidajen da ya ceta har ta haddace, amma bai taɓa ba ta wannan ƙarfen ta riƙe ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Ta ce keken tela take ji, kamar a tsakiyar kanta ake ɗinkin. Ya fita ya ce wa tela ya tsayar da keke. Tela ya tsayar, ya biyo shi da almakashi a hannu da tef ɗin awo a wuya, don ya gane wa idonsa abin da ake ciki. Aka zare firji daga wuta, aka kashe fanka, aka rufe tagar da ke kallon titi. Su uku suka tsaya a cikin ƙura. Gidan ya yi tsit, irin shirun da shi ya saba da shi, su kuwa bai zame musu jiki ba.

Ta daɗe ido a rufe. Sannan ta ce akwai wani abu can nesa, siriri. Ya tambaye ta kamar me. Ta ce kamar mai a kasko lokacin da ya fara zafi, kafin a jefa albasa. Ya daɗe yana neman yadda zai kwatanta wa mutane wannan sautin bai samu ba. Ya kai ta rami na biyu; ta ce nan ya dushe, sai an kasa kunne sosai. Ya kai ta tsakanin ramukan, sannan ya kai ta gaba da na farko. Gaba ya fi ƙarfi. To, wajen kicin ne.

Suka bi bangon, shi yana ɗora bakin ƙarfen a inda ya san bututun yake kwance, ita tana saurare, tela yana biye da su a kan yatsun ƙafa yana janye musu kujeru. Tsohon ya dame ta da tambaya: yana yankewa ne ko a miƙe yake, ya ƙara kauri ko yana nan siriri, akwai ɗigo a ƙarƙashinsa ko babu. Ta buɗe ido ɗaya.

"Malam, ka yi mini shiru mana. Surutunka ya hana ni ji."

Tela ya toshe baki da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Tsohon ya haɗiye maganarsa. Tunda an hana shi baki sai ya koma kallon fuskarta, ya tarar ashe ta nan ma ana iya bin ruwa. Fuska ce da ya tsufa yana karantawa: ya san girar da take ɗagawa idan ba ta gamsu ba, ya san yadda take tsuke baki idan abin da ke tukunya ya kusa nuna. Suka shiga kicin, suka kwashe tukwane daga kabad ɗin ƙasa, ta durƙusa da ƙyar tana kiran gwiwoyinta da sunaye marasa daɗi. A kusurwa, dab da daɓe, ya ga goshinta ya tattare. Kafin ta buɗe baki ya riga ya zaro gawayi.

Ta ce a'a, ya ɗan matsa hagu. Ya ce ƙarfe yakan ɗauki sauti ya kai gaba, ita fa yau ta fara. Ta ce yau ta fara, amma ita ce mai ji. Ya tsaya da gawayin a sama. A hagun, kamar taƙi guda, nan gwiwar bututun take, inda ya lanƙwasa ya hau zuwa famfo. Ya zana da'irar a inda ta ce.

Rami na uku ke nan. Ya san in wannan ma ya fito a bushe ba shi da bakin magana ranar da Auta za ta zo, kuma ba zai sake samun bakin ba. Tela ya miƙa hannu zai karɓi gudumar, tsohon ya ce ya bari. Ya kwanta a gefe ɗaya, rabin jikinsa a cikin kabad, ya fara sara a hankali yana kewaya da'irar kada kurfi ya sami bututu. Filastar sama ta zubo fara. Ta bayanta ta fito ruwan toka. Sai bulo ya fara marmashewa ba gardama, baƙi, mai laushi kamar jiƙaƙƙen burodi. Ya ajiye gudumar ya sa yatsu ya yaye sauran. Wani siririn ruwa da bai fi kaurin allura ba ya yi tsartuwa ya same shi a tsakiyar goshi.

Bai kauce ba. Ya bar shi yana dukansa, yana gangarowa ta gefen hanci zuwa gemu, sai da matarsa ta ja ƙafarsa ta ce ya fito kada mura ta kama shi.

Sauran aikin na hannu ne, kuma hannu bai manta ba, ko da yake ƙarfinsa ya ragu. Ya rufe bawul, ya buɗe famfon kicin ruwan da ke ciki ya tsiyaye, ya faɗaɗa ramin, ya yanke bututun da ke hawa sama da zarto. Gwiwar ta ƙi kwancewa. Tsatsa ta haɗe ta da ɗaya bututun sun zama abu guda. Ya zuba mata mai, ya ɗan bubbuga, ya kafa mata babbar sifana mai haƙora, ya zura wani guntun ƙarfe a ƙotar don ƙarin tsawo. Shi da tela suka danna tare, tsofaffi biyu suna nishi a bakin kabad ɗin tukwane. Da ta motsa, tela ne ya ji ƙarar. Shi a tafin hannunsa ya ji ta.

Ya fito da ita haske ya duba. Hujin yana bayan lanƙwasar, inda ruwa ke dukan ƙarfe duk lokacin da aka buɗe famfo, ya cinye wurin har ya koma kamar takarda. Amma bakin haɗin, inda ya naɗa zare ya ɗaure da hannunsa, ko ɗigo bai taɓa bi ta nan ba. Ya nuna wa tela. Ya nuna wa matarsa, ya ce ta duba da kyau, ƙarfen ne ya gaji, ba aikinsa ba. Ta ce ta gani, sai dai bangon bai san bambancin ba.

A shagon kayan famfo bai sami irin ƙarfen da yake so ba. Mai shagon ya ce an daina kawo shi, na yanzu gwangwani ne da fenti, gara ya ɗauki na roba. Tsohon ya daɗe yana cewa bututun roba aikin malalata ne. Ya jujjuya shi, ya lanƙwasa, ya yi tsaki, ya saya. Ya dawo ya naɗa farin tef a bakin tsohon ƙarfen, ya ɗaura mahaɗi, ya goge bakin robar, ya shafa gam, ya tura ya riƙe. Ya hana kowa taɓa famfo har gam ɗin ya kama. Da ya saki ruwa sai ya naɗa busasshiyar takarda a haɗin, ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna yana gadinta kamar mai jinya. Ba ta jiƙe ba. Tankin ma ya kwana ruwansa na daidai alama. Ramukan kuwa ya ce a bar su a buɗe bango ya sha iska, ba a rufe danshi da siminti.

Ƙarshen mako Auta ta zo kamar yadda ta ce, mutumin yana bayanta, wani mai furfura jefi-jefi ɗauke da baƙar jaka. Tana shiga falo ta ga ramukan ta dafe ƙirji. Uban ya miƙe. Ya ɗauko ruɓaɓɓiyar gwiwar daga kan talabijin, inda ya ajiye ta kamar kofin gasa, ya sa mata a hannu. Uwar ce ta ba ta labari, ta tsallake maganar tsani. Auta ta jujjuya ƙarfen, ta dubi yatsan uban da ke naɗe da bandeji. Ta ce duk da haka, tunda an riga an taso bawan Allah, a bari ya duba, hankalinta zai fi kwanciya.

Tsohon ya ce ya duba mana, ai gidan a buɗe yake. Ya zauna a kujerarsa ya harɗe hannuwa.

Mutumin ya durƙusa ya gaishe shi ba tare da ya yi masa ihu ba, yana fuskantarsa sosai yadda leɓɓansa ke fili. Ya ce wanda ya koya masa aiki ya sha ba su labarin Mai Kunne. Tsohon ya ce to madalla, bai saki fuska ba. Mutumin ya fitar da kayansa: wani ɗan akwati mai maɓallai, da waya, da faifan ƙarfe irin na likita, da abin sawa a kunne mai soso biyu. Ya bi layin kicin, ya bi na banɗaki, ya fita baranda, ya zagaya shagon tela. Ya dawo ya leƙa cikin kabad da tocila, ya daɗe yana duban haɗin. Sannan ya ce wa Auta babu sauran yoyo ko'ina, bangon ma zai bushe da kansa, sai dai tela ya ɗan ƙara haƙuri da soket ɗin nan tukuna. Ya juyo ya tambaya da me aka gano wurin.

"Da kunne," in ji tsohon.

Ya ga Auta ta waiwaya wajen ƙofar kicin tana murmushi, ya gane daga can matarsa ta yi gyaran murya. Sai ya ƙara da cewa ai bai ce kunnen wa ba.

Mutumin ya fara naɗe wayarsa, sai ya tsaya. Ya miƙo abin sawa a kunnen da hannu biyu, ya ce ko Baba zai gwada ya gaya masa ra'ayinsa. Tsohon ya ce ba ya bukata. Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jakarta. Can sai ya ce a kawo, ya ga abin da ake ruɗar mutane da shi.

Aka ɗora masa, soson ya rufe kunnuwansa. Mutumin ya manna faifan a jikin bututun da ke cikin ramin farko, ya sa aka buɗe famfon kicin, sannan ya fara murɗa wani maɓalli a hankali yana kallon fuskar tsohon. Da farko ƙugin nan ne kawai. Sai wani abu ya taso daga ƙarƙashinsa ya ture shi gefe. Ruwa ne. Yana saukowa daga tanki, yana gogar cikin tsohon ƙarfe da wannan 'yar kaushin muryar da ya sani, yana wucewa ta gabansa da gudu, cike da bututu, ba ya ɓacewa ko'ina a hanya. Ya ji lokacin da matarsa ta rage famfon. Ya ji lokacin da ta ƙara.

Ya dafa bango, ya rufe ido. Auta ta matso ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

"Abin wasan yara ne," ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya. "Hayaniya ta yi masa yawa."

Mutumin ya ce haka ne, Baba, ya miƙa hannu zai cire masa. Tsohon ya kama wuyan hannun ya riƙe, idonsa na nan a rufe.

"Wa ya ce ka cire? Matsar da shi gaba kaɗan. Ke kuma ki ce wa uwarki kada ta rufe famfon."